Yatsu Goma na Datti Kafinta

Sunansa na yanka Dalhatu, amma da yake sunan kakansa aka mayar masa, mahaifiyarsa ba ta iya faɗa, sai ta riƙa cewa Datti, har sunan ya bi shi. A Durba aka haife shi, ta ƙasar Kibiya, a gidan masassaƙa. Ba wanda ya rubuta shekarar. Shi dai ya ce yana da wayo lokacin da fara ta cinye musu gero shekara biyu a jere.

Mahaifinsa, Alu, turmi yake sassaƙawa da taɓarya da ƙotar fartanya da allon karatu. Gwani ne wanda har daga Rurum ake zuwa neman turminsa, amma hannunsa na hagu yatsu uku ne. Gizago ne ya ɗauke biyun tun yana saurayi, ranar da ya waiwaya zai amsa sallama alhali hannunsa na kan itace. Dalilin haka ya kafa wata al'ada a gidan. Kullum bayan la'asar, in za a tashi daga gindin tsamiyar da suke aiki, sai kowa ya ɗaga hannuwansa biyu. Alu ya bi su da ido ɗaya bayan ɗaya.

"Nawa?"

"Goma, Baba."

Sai shi ma ya ɗaga nasa ya ce, "Takwas. Kada in ga wanda ya biyo ni."

Bayan yaƙin duniya na biyu, da rufin kwano ya fara shigowa, aka fara neman ƙofofi da tagogi na katako, Datti ya ga sassaƙa kaɗai ba za ta riƙe gida ba. Ya roƙi izini ya tafi Rano koyon kafinta wurin wani mutum da ya zo yin rufin wani sito. Alu bai hana shi ba. Ya raka shi har bakin gari, kuma duk nasihar da ya yi masa ba ta wuce magana ɗaya ba: "Da goma ka bar gidan nan. Duk ranar da za a sa ka a ƙasa, ina so a same su goma."

Alu ya rasu bayan 'yan shekaru, maganar kuwa ta zauna. Da Datti ya kafa rumfarsa a gefen kasuwar Rano, ya auri Barakatu 'yar garin Madachi, ya tara ma'aikata biyar, bai bar al'adar ba. Magidanta masu gemu su tsaya a layi bayan la'asar su ɗaga hannuwa kamar masu addu'a, mutanen kasuwa na wucewa suna dariya. Ko a jikinsa.

Cikin ma'aikatan akwai Shitu, ɗan kawunsa, wato taubashinsa. Shitu ɗan namiji ne, Datti ɗan mace, saboda haka a bakin Shitu, Datti bawa ne, ko da yake shi ne mai rumfar. "Bawa, miƙo zarto." "Bawa, wannan ƙofar ta 'yan tsaki ce ko ta mutane?" In aka zo ƙirgar yatsu kuwa wata rana Shitu zai lanƙwashe ɗaya ya ce tara, don kawai ya ga Datti ya ɓata rai. Amma a aiki ba a samun su da saɓani. In Datti ya ɗaga kai, Shitu ya riga ya san abin da yake nema.

Shekara huɗu bayan samun mulkin kai, wani ɗan kwangila na garin, Alhaji Ramalan, ya samu aikin yin bencina da tebura ɗari uku na sababbin azuzuwan firamare, waɗanda za a rarraba a ƙauyukan Rano da Kibiya. Ana son su kafin yara su koma makaranta, wato wata biyu da 'yan kwanaki. Datti ya duba katakon da aka sauke, ya duba mutanensa, ya ce, "Alhaji, guduma shida ba za su yi ba."

Alhaji ya ce, "Na sani. Ka jira Talata."

Ran Talata babbar mota ta tsaya a bakin rumfar. Aka sauke wani inji mai aiki da fetur, da ɗan tanki a gindinsa, da wani dogon tiyo na roba baƙi, da wani abu na ƙarfe a cikin akwati, mai mariƙi da kunama. Aro Alhaji ya yi daga wani kamfani a Kano da ke buga akwatunan katako. Kafin azahar labari ya zaga kasuwa cewa Alhaji Ramalan ya kawo bindiga. Har wani ɗan doka ya leƙo yana tambayar takardar izini, sai da aka nuna masa ƙusoshin da ke cikinta sannan ya tafi, yana waiwaye. Tun daga ranar sunanta ya zama bindigar ƙusa.

Tare da ita aka turo wani makanike, Ishiyaku, wanda zai kwana biyu ya koya musu. Mutum ne mai saurin magana, ya saba da hayaniyar kamfani, komai da ƙarfi yake faɗa. Ya nuna musu yadda injin ke tura iska cikin tanki, iskar ta bi tiyo ta shiga bindigar, ita ce kuma ke buga ƙusa. Ya nuna musu wani ɗan ƙarfe a bakinta, ya ce harshenta ke nan: sai an danna shi a jikin katako sannan kunama take aiki. Ya ɗora ta a kan wani guntu, ya taɓa. Tas! Ƙusa ta shige har kai. Ma'aikata biyu suka yi baya, ɗaya ya yi salati.

Shitu ya ce, "Bawa, ga wadda za ta karɓi sarautarka."

Datti bai kula shi ba. Ya tsuguna ya shafa kan ƙusar da babban yatsa, ya ce wa Ishiyaku, "Malam, abin da take yi na gani. Gaya min abin da take yi wa mutum."

Ishiyaku ya dube shi, ya rage murya. Ya ce a kamfaninsu ya ga wanda ta huda wa tafin hannu, ya ga wanda tsinken katako ya shiga idonsa. Ya ce kada a nuna mutum da ita ko da wasa, kada a yi tafiya da ita yatsa na kan kunama, kuma mai riƙe da ita ya sa tabarau ko da zafi ya ishe shi. Ya ce a ɗiga mata mai sau biyu ko uku kowace safiya ta inda iska ke shiga. Sannan ya ce, "Wata rana ƙusa za ta maƙale a bakinta, wannan dole ne. In ta maƙale, kada ka kuskura ka kai hannu wurin sai ka kashe ta."

"Sai na kashe ta," in ji Datti.

"Ka kashe ta tukuna. Shi ke nan."

Datti ya dubi injin da ke ta ruri a gefe, ya ga inda ake kashe shi, ya gyaɗa kai. Ran Alhamis Ishiyaku ya hau mota ya koma Kano.

Datti bai bar kowa ya taɓa bindigar ba sai shi. Makon farko ma ba benci ya buga ba, guntaye ya yi ta hudawa. Ya gano cewa ƙarfinta ba ɗaya ba ne kullum, akwai wani ɗan ƙarfe kusa da tanki da ake murɗawa a ƙara iska ko a rage, da wani agogo mai allura da ke nuna yawanta. Saman bencin na farin katako ne mai taushi, in iska ta yi yawa sai ƙusa ta nutse ta bar rami, wani lokaci ma ta tsaga katakon. Ƙafafun kuwa na maɗaci ne, in iska ta yi kaɗan sai kan ƙusa ya tsaya a waje, abin da zai yaga rigar yaro ko cinyarsa. Datti bai iya karanta lambobin boko da ke kan agogon ba, sai ya samo fenti ya ɗiga fari a inda allura za ta tsaya in ana buga farin katako, ya ɗiga ja a inda za ta tsaya in ana buga maɗaci. Duk da haka bai yarda da ɗigon kaɗai ba. Kowace safiya, da duk lokacin da aka canza katako, sai ya fara da iska kaɗan, ya gwada a guntu, ya shafa, ya ɗan ƙara, ya sake gwadawa, har kan ƙusa ya yi daidai da fuskar katako.

Abin da ya fi ba shi wahala hannunsa na hagu ne. Shekara kusan ashirin yana riƙe ƙusa da yatsu biyu kafin guduma ta sauka, saboda haka da ya ɗora bindiga sai hagun ta tafo da kanta kusa da wurin. Ga shi ya ga da idonsa yadda ƙusa in ta haɗu da ƙulli a cikin itace take lanƙwashewa ta ɓullo ta gefe. Sai ya kafa wa kansa doka: tsakanin hagu da bakin bindiga sai an bar taƙi guda. Ya ce wa Shitu in ya ga hannun ya matso ya buge shi. Shitu ya ce bai taɓa samun aikin da ya yi masa daɗi kamar wannan ba. Ya yanko tsumagiya ya ajiye kusa.

Aiki ya kankama. Mutum biyu na yanka, biyu na gogewa, Shitu na haɗawa yana riƙewa, Datti na bugawa. Bencin da a da yake cin rabin yini, yanzu kafin a gama gaisawa an gama shi. Bayan la'asar kuwa, "Nawa?" "Goma."

Ƙusa ta maƙale kamar yadda Ishiyaku ya faɗa, ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba. Kowane lokaci Datti zai ce, "Kashe!" Shitu ya je ya kashe injin. In rurin ya tsaya sai a ji wani siririn sauti, sssss, yana fita daga wani wuri a jikin tiyon, domin tsoho ne, ya ɗan tsage kusa da gindi. Sautin yakan ɗauki ɗan lokaci yana raguwa har ya ɗauke. Shitu ya sa masa suna gargara. "Dakata, bawa, ba ta cika ba tukuna." Su tsaya su jira. In ya yi shiru sai Shitu ya ce, "Allah ya ji ƙanta," Datti ya ɗauki filaya ya zare ƙusar. Sun ɗauka haka injin yake mutuwa, a hankali, kamar tsohuwar akuya. Ba wanda ya kawo a ransa cewa iskar da ke cikin tanki ce take zurarewa ta tsagar.

A mako na biyar tsagar ta ƙaru. Allura ta daina kaiwa jan ɗigo, ƙusoshi suka fara tsayawa a waje a jikin maɗaci. Datti ba mai barin abu a lalace ba ne. Ran Laraba da yamma ya bi tiyon da ruwan sabulu har ya ga inda yake kumfa, ya samo robar tayar keke ya naɗe wurin tam, ya ɗaure da waya. Ya tayar da inji, allura ta hau jan ɗigo ta zauna. Ya koma gida yana jin daɗi, har ya ba Barakatu labari, ita kuwa tana fama da 'yarsu Huseina da ta isa yaye tana ta rigima.

Ran Alhamis da hantsi ƙusa ta haɗu da ƙulli, ta bayanta ta maƙale.

"Kashe!"

Shitu ya kashe. Rumfa ta yi tsit, ba ruri, ba sssss.

"Yau mutuwar fuju'a ta yi," in ji Shitu.

Datti ya kwantar da bindigar a kan tebur, bakinta na kallon bango, ya sa filaya ya zare lanƙwasasshiyar ƙusar. Ta fito lafiya. Sai ya ɗaga bindigar da dama, yatsansa a kan kunama, abin da ba ya yi in tana da rai. Yana so ya ji ko harshen na motsi daidai, sai ya sa manuniyar hagu ya danna shi.

Tas!

Ya ce bai ji zafi ba da farko, ƙarar ce ta ba shi mamaki, domin injin ga shi can a kashe. Sai da ya duba ya ga ƙusa ta shiga yatsan ta wajen gaɓar tsakiya ta ɓullo ta baya. Ya ajiye bindigar a hankali, bakinta na kallon bango. Ya ce, "Kada wanda ya taɓa ta."

Shitu ya rarumo filaya. "Kawo in zare, Datti, kawo." Ranar ce kaɗai aka ji ya kira shi da sunansa.

"Ajiye. Ɗauko kekenka."

Haka suka ratsa kasuwa, Shitu na tuƙi, Datti a baya ya ɗaga hannu sama, jini na bin gwiwar hannu. A ɗakin shan magani disfensa ya ce sun kyauta da ba su zare ba. Shi ya zare, ya wanke, ya zuba aidin, ya naɗe, ya yi masa allura. Sannan ya gaya masa gaskiya: ƙusar ta taɓa ƙashi. Ya riƙa zuwa kowace safiya a duba. In yatsan ya yi baƙi ko ya fara wari, sai Kano, can kuwa yankewa za su yi don a tsirar da hannun.

Da la'asar ma'aikata suka tattara kaya suna sanɗa, kowa na son ya sulale. Sai ga Datti ya dawo rumfar da hannu a naɗe.

"Ku tsaya. Nawa?"

Suka amsa ɗaya bayan ɗaya, murya ƙasa-ƙasa. Da aka zo kansa ya ɗaga hannuwan, ya daɗe yana kallon farin ƙyallen, ya ce, "Ban sani ba tukuna."

Kwana uku yana zazzaɓi, yatsan ya kumbura kamar rogo. A kasuwa magana ta bazu cewa bindigar Alhaji Ramalan tana harbi a kashe, akwai abin da ke cikinta. Ma'aikata suka ce ba za su shiga rumfar ba sai an fitar da ita. Alhaji ya zo dubiya, ya ce gobe zai mayar da ita Kano, bencin da ya samu ya samu. Datti ya ce a ba shi kwana ɗaya.

Washegari, bayan ya fito daga wurin disfensa, ya wuce rumfa, ya sa Shitu ya tara mutane.

Shitu ya ce, "Ni fa na gaya maka, akwai iska a jikin abin nan."

"Za mu gani. Tayar."

Ya tayar. Allura ta hau jan ɗigo.

"Kashe."

Ya kashe. Datti ya ce kowa ya zo ya kalli agogon. Suka zagaye shi suna kallo. Allura ba ta motsa ba. Suka jira, mai tallan rake ya wuce, ya dawo, allura na nan a kan ja. Datti ya ɗauki bindigar da dama, ya mayar da hagu bayansa, ya ɗora ta a kan guntu. Tas. Tas. Tas. Sai da ta buga ƙusa goma sha ɗaya injin na kashe, sannan ƙarfinta ya fara raguwa, allura na sauka tare da shi.

Ya dubi Shitu ya ce, "Gaskiyarka, iska ce. Amma irin wadda ake hura tayar keke da ita."

Suka gane tare. Gargarar da suke jira a baya ita ce take kare su ba su sani ba, shi kuma da hannunsa ya toshe ta ran Laraba.

Alhaji ya aika aka zo da Ishiyaku. Da Ishiyaku ya ji labarin sai ya dafe kai. Ya ce, "Wayyo, Malam Datti! Ai mu a kamfani injin babba ne, yana can wani ɗaki, ba ya tsayawa sai an tashi aiki. In muka ce kashe ta, zare tiyon muke nufi daga gindinta." Ya kama inda tiyo ya haɗu da bindigar, ya ja wani zobe baya, abin ya fita da fus. "Kun gani? Yanzu ko jariri ya ja kunamar ba abin da za ta yi." Ya yi ta ba da haƙuri. Datti ya ce ba laifinsa ba ne, shi ya faɗi kalmar da ya sani, su kuma sun ji kalmar da suka sani. Fitila ake kashewa, wuta ake kashewa, mota ake kashewa, kuma duk in sun yi shiru sun mutu. Wa zai ce wannan daban take?

Abin da ya dame shi shi ne kalmar za ta sake cin wani. Da yamma yana zaune a tsakar gida, hannu a kan gwiwa, ya gaya wa Barakatu cewa in ya ci gaba da cewa a kashe, wata rana wani zai ruga wurin inji kamar yadda Shitu ya saba. Barakatu na ɗaure kayan Huseina a ɗankwali, domin da safe za a kai ta Madachi wurin kakarta.

Ta ce, "Malam, ai ni a yadda ka faɗa, injin nan ba mutuwa yake ba, barci yake. Yarinyar nan ko ina barci lalubowa take ta sha. Na shafa maɗaci, na ɗaure ƙirji, duk a banza. In ana so ta daina, raba mu za a yi. Ku ma ku daina cewa kashewa. Yaye ta za ku riƙa yi."

Datti ya juyo ya dube ta. Can ya ce, "Sake faɗa."

Washegari ya tara mutanensa ya ce daga yau ba kashewa a rumfar nan. In ƙusa ta maƙale, ko za a ɗiga mai, ko za a ajiye ta a je salla, ko za a miƙa ta daga hannu zuwa hannu, sai an yaye ta: a zare tiyo, a ɗaga bakinsa sama kowa ya gani, a zare sauran ƙusoshin, sannan a taɓa. In an tashi aiki kuma a buɗe tanki iska ta fita har allura ta kwanta. Shitu ya yi dariya har da riƙe ciki, ya ce bai san bawansa ya zama ungozoma ba. Amma shi ne ya fara tambaya ranar, da babbar murya, "An yaye ta?"

Shitu ne ya karɓi bindigar a sauran makonnin, Datti na zaune kusa da shi, tsumagiya a hannun dama. An ce ya rama duk bugun da aka yi masa, har da ƙari. Bencina suka kammala saura kwana huɗu a koma makaranta, aka mayar da injin Kano, bai sake dawowa Rano ba.

Yatsan kuwa, a kwana na tara kumburin ya fara sauka. A na goma sha biyu disfensa ya kwance, ya shinshina, ya matsa farcen ya ga jini ya dawo, ya ce ba sai an je Kano ba. Sai dai gaɓar ta ƙage. Har ƙarshen rayuwarsa manuniyar hagu ba ta sake lanƙwasuwa ba, in ya dunƙule hannu ita tana miƙe. Ya koyi riƙe ƙusa da babban yatsa da na tsakiya. Ranar da aka cire ƙyallen, da aka zo ƙirga, ya ɗaga hannuwansa, Shitu ya riga shi: "Tara da rabi."

Datti ya ce, "Goma. Baba bai ce sai masu lanƙwasuwa ba."

Ya ci gaba da aikinsa a Rano shekara ashirin da 'yan kai bayan haka. Yawancin ƙofofinsa an canza su da na ƙarfe, amma kalmar ta zauna a zuriyarsa. Har yau a gidan, in za a taɓa dutsen guga ko injin markaɗe ko fanka, sai wani ya tambaya, "An yaye shi?" Baƙi sukan tsaya suna kallo, sai an ba su labari.

Ya rasu da damina, wata Litinin da safe, bayan gajeriyar jinya. Shitu, wanda a lokacin sai da sanda, ya ce shi zai yi masa wanka, ba wanda ya yi masa musu. Da ya gama ya fito, ya tsaya a ƙofar ɗakin da Barakatu ke zaune cikin mata. Bai yi mata gaisuwar da aka saba ba. Ya jingina sandarsa a bango, ya ɗaga hannuwansa biyu, ya ce, "Na ƙirga, Barakatu. Goma."